Setira Mai Shayar da Yumɓu

A unguwar magina ta Tarkuna, in ka tambayi gidan Setira sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce mai shayar da yumɓu, ko makaho zai kai ka ƙofarta. Yara ne suka laƙaba mata sunan, manya suka karɓa, ita kuma ba ta taɓa cewa a daina ba.

Matar yayana ce. 'Yar masunta ce daga bakin teku, kuma kada wani ya zo bayana ya ce muku kyakkyawa ce. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, dariyarta tana tashin kaji daga kan katanga, girarta ta hagu kuma a rabe take gida biyu, inda itacen tuƙin jirgin ubanta ya buge ta tana ƙarama. Ranar da aka kawo ta gidanmu na shinshina iska na ce, "Yaya, kifi ka saya ko mata ka auro?"

Ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Ke ce ƙanwar mijin da aka ce bakinta ya fi ƙoshiyarta sauri? Matso in gan ki, ashe ma 'yar mitsitsiya ce."

Tun daga ranar muke haka, ni da saƙata, ita da bakinta, har muka tsufa.

Yayana Mamarke magini ne, amma ba na tukwane ba. Shi ke gina mutanen yumɓu da ake ɗorawa a kan rufin haikali, shi ke gina murfin akwatin matattu na masu hali. Mutum ne da zai wuni bai yi magana ba, in ka matsa masa ya ce, "To, to, a hankali." Ko gobara ce ta tashi, abin da zai ce ke nan.

Mu Rasanawa, waɗanda Rumawa ke kira Itiruskawa, mace kishingiɗa take yi kusa da mijinta a ci abinci tare, kuma haka ake gina su a kan murfin akwatinsu, hannunsa a kafaɗarta. Wanda ya riga mutuwa a zuba tokarsa ciki ya jira ɗan'uwansa. Wannan na masu gonakin inabi ne. Irinmu kuwa tukunya ce, a rufe ta da kasko. Mamarke ya ce ya kwantar da rabin attajiran Tarkuna kusa da matan da ba su ko gaisuwa da su, don haka shi ma zai gina nasa. Ya riƙa rage yumɓu daga kowane aiki yana tarawa a kogon da ke ƙarƙashin gidansu, mai sanyi, wanda kakanmu ya sassaƙa cikin dutse.

A wajen magina, mutum ba ya kallon siffarsa ta kan murfi sai ta shiga wuta ta fito. Wanda ya kalli ɗanya, ya kira kansa kabari da wuri. Saboda haka Setira tana zaune a tsakar gida tana ɓarar wake, shi kuma ya hau ya dube ta, ya sauka kogo, ya sake hawa ya dube ta.

"Kai, wannan kallo ya isa," in ji ta. "In ka ƙarar da ni da ido, me za ka ci da rana?"

Ni ba tawa ba ce, don haka na sauka na gani. Na sha ganin matan attajirai masu zinariya da ya gina, ba wadda ta kama ƙafar wannan. Ya yi mata kitson nan biyu da take zubowa gaba, ya yi bakinta daidai lokacin da take shirin zagin mutum amma dariya ta riga zagin fitowa. Da na hau ta tare ni.

"Yaya na fito?"

"Ya yi miki ƙarya. Ya mai da ke mutum."

"Tabon fa?"

"Yana nan, har ya fi naki muni."

Ta taɓa girarta. Ranar ce kaɗai na ga kunya a fuskar matar nan.

Nasa ɓangaren ya gama jiki, ya gama hannun da ke kafaɗarta, har jijiyoyin. Kai ne ya bari dunƙule, domin magini in nasa ne, fuskarsa ce aikin ƙarshe, yana gamawa ya rufe. Ya ari madubin tagullar Setira, ya duba, ya ajiye, ya ce wannan ba shi ba ne. Na ce, "Kai ne mana, Yaya. Mu muke haƙuri da kai haka tun fil azal." Ya ce, "To, to, a hankali."

Ana cikin haka manzannin Ruma suka iso. Sarkinsu yana gina wani ƙaton haikali a kan tudu, yana neman magina. Rumawan lokacin nan ba su san komai ba sai noma da gishiri da sara da suka. Ko kan akuya ba su iya ginawa da yumɓu ba. Duk abin da ka gani mai kyau a garinsu, hannun namu ne. Aka zaɓi Mamarke cikin masu tafiya, ya ce kafin tsinkar zaitun ya dawo. 'Yarsu Fasti a lokacin tana famfarar haƙoran gaba.

Yumɓu in ya bushe ba ya karɓar gyara. Ka ɗora masa sabo ya tofar, ka sa masa yatsa ya tsage. Don haka ranar tafiya ya karɓi zanen lilin daga wajena, ya jiƙa, ya lulluɓe murfin. Ya ce wa Setira, "Kowace safiya ki yayyafa masa ruwa, musamman wajen kawunan. Kada ki ɗaga. Kada ki bari ya bushe, sai na zo na yi fuskata."

"In ka daɗe ni zan yi maka ita," in ji ta, "in sa maka hancin alade."

Ya yi murmushi, ya ɗauki kayansa. Akwai wani ƙunshi da ya naɗe da ciyawa ya rungume a ƙirji, bai yarda ya ɗora wa jaki ba. Na ɗauka kayan aiki ne.

Zaitun ya nuna aka tsinke, bai zo ba. Fataken giya suka kawo saƙo cewa rufin ya fi yadda aka zata girma. Aka sake tsinkewa, aka ce an gama wannan an ba su wani. Sai kuma Rumawa suka kori sarkinsu. Da yake jinin garinmu ne, manyanmu suka ɗauki makamai don mai da shi kan sarauta, aka zubar da 'ya'yan mutane a gonaki, hanya ta rufe. Sarki dai bai koma ba, maginanmu ma ba su dawo ba. Rumawa sun kori sarkin, amma sun riƙe masu hannu.

Setira kuwa kowace safiya, kafin ta hura wuta, kafin ta wanke ido, tulu ne a kafaɗa, ta sauka kogo. Da yatsu take yayyafawa, tana magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa laɓewa na saurara. Labarin unguwa take ba shi: wanda ya mutu, wadda ta haihu, akuyar da ta shiga gonar wane. Zane in ya ruɓe ba ta ɗagawa, sai ta zo wajena.

"Kulni, zane."

"Na ce miki na daina. Ni ban taɓa ganin gidan da laka ke sa sabon kaya mutane suna yawo da tsumma ba."

"Na ji. Mai laushi nake so, na wancan karon ya yi kauri."

In gama zage-zagena in saƙa mata, ta ɗora sabo a kan tsoho.

Shekarar da aka yi fari rijiyar unguwa ta ƙafe, sai an gangara kwari ake samun ruwa. Setira ta hauro da tulu, leɓɓanta a tsage, ta wuce Fasti da ke zaune a bakin ƙofa ta sauka kogo tukuna. Yarinyar ta bi ta da ido ta ce, "Inna, da ni yumɓu ce da kin fi sanin ina raye." Setira ta tsaya cak a kan matakala. Na ce yau za a yi ta. Amma sai ta ƙarasa sauka, ta yi abin da ta saba, ta hau ta miƙa wa 'yar sauran, ita ba ta sha ba. Ba ta iya raba kanta biyu ba, sai ta cire nata rabon.

Dattawan magina sun zo sun same ta. Babbansu ya ce, "Setira, ki bari ɗayanmu ya yi masa fuska a kai wuta ki huta. Ai mun san shi."

"Kun san shi? To wane ido ne ya fi ƙanƙanta?"

Suka dubi juna.

"Ku tashi ku ba ni wuri. Mai fuska zai zo ya yi abarsa."

Aka yi mata maganar wani mai matsar man zaitun da matarsa ta rasu. Mutumin kirki ne, ni kaina na sa baki. Ta ce in je in tambaye shi ko zai yarda ya kwanta gefe a kabari, don tsakiya da mai ita. Maganar ta mutu a nan.

Sai da Fasti ta yi aure, tana shayar da ɗanta na fari, sannan aka yi sulhu hanya ta buɗe. Magina biyu suka dawo, suka ce an raba su wuri-wuri tun da daɗewa, ba su san inda Mamarke yake ba. Setira ta ɗaure kayanta. Na ce ba za ta je ita kaɗai ta ba mu kunya a garin mutane ba, na bi ta. Ta damƙa wa Fasti tulun, ta nuna mata yadda ake yayyafawa kamar yarinyar ba a gabanta aka yi ta yi ba. Fasti ta karɓa.

Muka bi ayarin fataken giya. Ruma gari ne mai hayaniya da warin fadama. Matansu ko sunan kansu ba su da shi, da sunan gidan uba ake kiransu, kuma miji yana kishingiɗe yana ci, ita tana zaune a kujera kamar baƙuwa. Suka yi ta kallonmu don muna tafiya kai a ɗage muna tambayar maza hanya. Na ce wa wata, "Kalle ni da kyau, 'yar nan, ni sunana Kulni. Ke fa?" Ba ta ji harshenmu ba, na yi asarar zagi.

A bakin kogi muka sami filin magina. Mai wurin wani Barume ne mai tumbi, Kaiso, yana jin harshenmu. Setira ta fara jero masa tambaya ba ko numfashi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, to, a hankali."

Maganar yayana ce sak. Ba kalmomin kaɗai ba, har muryar, har yadda ya karkatar da kai. Setira ta dafa ni.

"A wajen wa ka koyi magana?" in ji ta.

"A wajen maigidana, wanda ya koya mini aiki." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, murya ta sauka. "Ku nasa ne?"

"Yana ina?"

Tari ne ya kashe shi, in ji Kaiso, na hayaƙin tanderu. Tun kafin a yi sulhu. Ya taɓa gudu sau ɗaya, aka kamo shi a mashigin kogi, daga nan aka sa masa mai tsaro. Tokarsa an zuba a tukunya an binne a filin baƙi da ke bayan ganuwa, amma kogi ya yi ambaliya ya bi ta kan filin, yanzu ba mai iya nuna wurin. Ya shiga rumfa ya fito da wani ɗan itace mai faɗin baki da ake gyaran ido da leɓe da shi, gefensa ya lotsa daidai babban yatsan Mamarke. Setira ta karɓa ta sa a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, na ishi mutum biyu.

Duk wannan lokaci Kaiso yana satar kallonta. Can ya ce mu biyo shi. Muka hau tudu, har gaban haikalin nan da ya cinye mana mutum. Ya nuna sama.

A bakin rufin, daga wannan kusurwa zuwa waccan, fuskokin mace ne a jere, an shafe su da ja da baƙi. Duk fuska ɗaya ce. Kitso biyu a gaba, baki yana shirin zagi dariya ta riga shi, girar hagu a rabe. A nan na gane ƙunshin da ya rungume ranar tafiya: mazubi ne, wanda ya danna a fuskar murfin ya ɗauki siffarta, don ya riƙa cusa yumɓu yana fitar da ita duk lokacin da ya so.

Setira ta kare rana da hannu tana dubawa. Ba ta taɓa ganin aikin ba, ba ta gane ba.

"Wace ce wannan mai kama da mafaɗaciya?"

"Ke ce."

"Ni?"

"Ke ce, lokacin da kike da haƙora."

Ta bi su da ido ɗaya-ɗaya har ƙarshen rufin, ta dawo. Mutane suna ta shiga da fita da tattabarun hadaya, suna ture mu, ba wanda ya ɗaga kai, ba kuma wanda ya dubi tsohuwar da ke tsaye.

Kaiso ya ce maigidansa bai taɓa bari wani ya taɓa mazubin nan ba, kuma kowacce ta fito sai ya bi girar da farce. Su Rumawa suna ce mata mai tsaron rufi. Yanzu kowane haikali yana son ta, har garuruwan kudu ake aikawa. Da muka koma filinsa ya nuna mana sababbi a shanye, yana alfahari. Sun fi na tudu ƙanƙanta, domin tsohon mazubin ya fashe sun ɗauki sabo daga jikin fuska, yumɓu kuwa duk shigarsa wuta sai ya tsuke. Kumatun sun cika, bakin ya zama na salihar mace. Girar hagu sumul.

"Ina tabon?" na ce.

"Tsaga ce a tsohon mazubin, mun gyara."

"Tsaga? Buɗe idonka, tulun giya, ga tsagar nan tsaye a gabanka! Kun cinye mana mutum, kun rasa inda kuka zuba shi, sannan ku gyara masa mata?"

Setira ta riƙe mini hannu. Ta ce masa a hankali, "Ɗana, tasa fa? Cikin duk waɗanda ya koya wa aiki, ba wanda ya gina fuskarsa?"

Ya yi mamaki da gaske, ba da mugunta ba. "Inna, wa zai gina fuskar magini?"

"To faɗa mini yadda ya koma."

Ya sosa ƙeya. "Yana da gemu. Fari."

Muka kamo hanyar gida har muka hango tudun Tarkuna. A nan Setira ta ce ita za ta yi wa Mamarke fuskar, da itacensa. Na ce ta manta ba a kallon ɗanya? Ta ce, "Don kada a kira ni da wuri? Kulni, wurin ya wuce."

Da safe muka sauka mu uku, Fasti riƙe da fitila. Ta kula da shi yadda aka ce, zanen a jiƙe yake. Setira ta kama gefe ta fara ɗagawa. Na saman ya taso lafiya. Na ƙarƙashi suka riƙa zuwa a yage, baƙi ƙirin, suna wari, saƙata ta shekara da shekaru. Ƙafafu suka bayyana, takalmanta masu lanƙwasasshen baki suna nan. Matashin da suka kishingiɗa a kai yana nan. Hannunsa yana kafaɗarta, har jijiyoyin.

Ta ɗaga na ƙarshe daga kan kawunan.

Babu kowa a wurin. Inda ya ce ta fi yayyafawa, nan ruwan ya yi ta sauka kowace safiya, ya tafi da girar, ya tafi da bakin, ya tafi da kitson. Kanta ya zama sumul kamar dutsen rafi, sai sawun zaren zanena a kai. Wuyan ya yi laushi, kan ya karkata ya jingina da dunƙulen nasa, sun manne, ba ka iya cewa ga inda nata ya ƙare.

Fasti ta matso da fitilar. Setira ta daɗe tana kallo.

"Kulni, ina na tafi?"

Ta kai hannu ta shafa inda girar take a da.

"Ashe ni na wanke ta," in ji ta. "Da hannuna."

Ta ciro itacen daga ƙirji, ta kai shi kan dunƙulen nasa, wajen da ido zai zauna. Hannun ya tsaya a nan. Na ga leɓɓanta suna motsi. Ta juyo gare ni, ta ce, "Wane ido ne ma ya fi ƙanƙanta?"

Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Na rufe ido na neme shi, sai gemu da karkatar kai na samu. Na ce, "Na hagu." Ta dube ni, ta san ban sani ba.

Ta mai da itacen ƙirji. "A bar su haka. Tawa tana can inda ya mutu, tana kallon garin da ya kalla. Tasa kuma ya tafi da abarsa. A bari ya bushe, a kai wuta."

Washegari na zo na tarar da ita a kan matakalar kogon, tulu a kafaɗa, ta tsaya ba ta sauka ba, ba ta koma ba. Fasti ce ta zo ta sauke mata shi, ta zuba a ƙoƙo ta ba ta. Ta sha, ta ce ruwan ba daɗi.

Murfin ya bushe, dattawan magina suka gasa shi, bai tsage ba ko kaɗan. Setira ba ta ga wani tsinkar zaitun ba. Muka zuba tokarta cikin akwatin, muka sa itacen kusa da ita, a gefen da hannun yake.

Yanzu fataken Ruma suna kawo fuskokin nan kasuwarmu, ƙanana, masu gira sumul, suna cewa aikin Ruma ne, samarinmu suna rububi. Na daina bi ta wannan layin.

Ranar ziyarar matattu kowa yana zuba wa nasa giya da zuma. Fasti ruwa take kaiwa, a tulun nan. Ta tsoma yatsu ta yayyafa a kan kawunan biyu, yadda aka nuna mata. Ruwan ya gangaro ta kafaɗa, ya bi hannun, ya ɗiga ƙasa. Yanzu ba ya sha.